Maƙwabci Ni Ne

Dutsen farko ya faɗo a kan kwanon ɗakin aiki lokacin da rana ta rage kaɗan ta faɗi. Injiniya yana zaune gaban kwamfutarsa, shayi ya huce a gefensa, bai ma ɗaga kai ba, don ya ɗauka yaran layi ne ke jifan tsuntsu. Matarsa tana kwashe shanya a tsakar gida. 'Yarsu tilo, Ummi, mai shekara goma sha huɗu, tana bakin ƙofa da littafin lissafi a cinya. Dutse na biyu ya biyo baya, ya fi na farko nauyi. Na ukun bai yi ƙarar dutse ba, ya dai gangaro a hankali ta bakin kwano, ya faɗi gaban matar. Ta sunkuya ta ɗauka. Ɗan baƙin madanni ne na allon rubutun kwamfuta, da harafin M a kansa.

Ta leƙa waje, layin babu kowa. Ta kai masa, ta ce yanzu kuma kayan aikinsa sun fara sauka daga sama, sai ya tanadi buhu. Ya yi dariya, ya jefa madannin cikin kofin biro.

Injiniya ba injiniya ba ne, mutanen layi ne suka liƙa masa sunan. Da rana yana gyaran kwamfutocin wata makaranta. Aikin da ya ɗauka da muhimmanci kuwa na yamma ne, na sa-kai. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, irin wadda ake bayarwa kyauta kowa ya ɗauka kowa ya duba cikinta, ba mutum ɗaya ke yin ta ba. Dubban ƙananan manhajoji ne, kowace an naɗe ta cikin ƙunshi, kowane ƙunshi da mai kula da shi. Talatin da ɗaya ne a hannunsa. Idan ɗaya ya lalace, shi zai liƙe masa gyara, ya gwada, ya rubuta a kundin canje-canje abin da aka gyara da sunan wanda ya gyara, sannan ya sa hannu da mabuɗinsa, wata lambar sirri mai shaida cewa shi ne, ya tura wa duniya. Mabuɗin nan ba a ba mutum shi sai waɗansu cikin ƙungiyar masu wannan aikin sun zauna da shi ido da ido, sun ga fuskarsa da takardunsa. Gyaran da ake liƙawa faci suke ce masa, saboda haka idan matarsa tana son tsokanarsa sai ta ce a duk masu faci shi kaɗai ne bai taɓa riƙe taya ba.

Cikin ƙunsoshin nan akwai wani ƙarami da yake so fiye da sauran. Aikinsa ɗaya ne: ya lissafa lokacin faɗuwar rana a duk inda mutum yake, ya rage hasken allo ya mai da shi ja-ja, don kada ido ya wahala. Wanda ya fara rubuta shi ya daɗe da watsar da shi, ya zama abin da suke kira maraya, Injiniya ya ɗauka ya riƙe. Gaskiyar da shi kaɗai ya sani ita ce lissafin ya fi ƙarfinsa. Shekara tara da suka wuce, wani saƙo ya shigo masa daidai faɗuwar rana, da faci a maƙale, tsaf babu harafi ɗaya da ya wuce wurinsa. A ƙasa an sa hannu da kalma ɗaya: Maƙwabci. Tun daga ranar, duk sanda ƙunshin ya yi tuntuɓe, kafin Injiniya ya gama gane matsalar, faci ya iso. Sau ɗaya ya taɓa gayyatar mutumin su haɗu, don a ga fuskarsa shi ma a ba shi mabuɗi. Amsar ta zo gajera: kusa muke, amma ba za ka gan ni ba; ka sa hannu kawai, ka bar sunana a ƙasa.

Shekara tara yana barin sunan. Sai ga shi a wata ƙungiyar daban an kama wani baƙo da ya yi shekaru yana taimako har aka sake da shi, ashe ɓarna yake dasawa. Hankalin kowa ya tashi. Majalisar ƙungiyarsu ta kafa doka cewa duk aikin da ya fito daga hannun wanda ba a taɓa ganin fuskarsa ba, ko dai wani mai mabuɗi ya tabbatar ya san shi, ko a cire aikin. Aka bi kundaye, aka ga sunan Maƙwabci sau ɗari biyu da goma sha ɗaya. Aka tambayi Injiniya a zauren saƙonni, gaban mutum kusan dubu, ko wane ne wannan.

Kwana biyu yana juya amsar. Idan ya ce bai sani ba, za a cire ƙunshin, a kuma tambaye shi yadda ya yi shekara tara yana sa hannu a kan aikin wanda bai sani ba. A yammacin kwana na uku ya rubuta layi ɗaya. Maƙwabci ni ne, sunan wasa ne da nake amfani da shi. Sannan ya bi kundin ya goge sunan sau ɗari biyu da goma sha ɗaya, ya sa nasa.

Yabo ya yi ta zuwa. Wani ya ce bai taɓa ganin tawali'u irin wannan ba, mutum ya ɓoye gwanintarsa shekara tara. Aka fara maganar sa shi cikin majalisa. Matarsa, wadda ba ta taɓa kula da mutanensa na cikin akwati ba, kamar yadda take ce musu, ta sa ya karanta mata saƙonnin, ta kuma kira yayarta ta ba ta labari. Daga Maƙwabci kuwa saƙo ɗaya ya zo, babu faci a jikinsa. Ka tabbata? Injiniya ya goge shi, ya toshe adireshin. Sati uku ke nan kafin dutsen farko.

Washegari, a daidai lokacin, duwatsu biyu suka sake faɗowa, madanni ya biyo su, da harafin A. Rana ta uku K. Rana ta huɗu matar ta miƙa masa W. Ya karɓa ya ce mata tabbas yara ne. Mutum yakan iya ɗaukar tsoro shi kaɗai kwanaki da yawa idan faɗinsa zai zo da kunya, Injiniya kuwa ya ɗauka.

Akwai wani ɗan ɗaki a ƙarshen tsakar gida inda yake tara matattun kwamfutoci da tsofaffin allunan rubutu, ƙura ta rufe su, kwaɗo a ƙofar. Daga rana ta biyar, idan haske ya fara ja, sai a ji ana bugawa a ciki. Bugu ne natsattse, na wanda ya san abin da yake rubutawa, yakan tsaya kamar mai tunani, ya ci gaba. Matar ta tsaya da tsintsiya a hannu tana saurare har bugun ya ɗauke da kiran salla. Ba ta ƙara yin zolaya ba. Ta tambaye shi ko akwai abin da ya sani, ya ce ɓera ne. Ta dube shi ta ce ba ta taɓa jin ɓeran da ke barin sarari tsakanin kalmomi ba.

A yammaci na takwas harafi na ƙarshe ya faɗo. Ummi ce ta ɗauka. Ta shiga ɗakin aiki ba sallama, abin da ba ta taɓa yi ba, ta juye kofin biro a kan tebur, ta jera madannan ɗaya bayan ɗaya a gaban ubanta ba tare da ta duba su ba. Sannan ta ja kujera ta zauna a bayansa, daidai kafaɗarsa ta hagu, tana kallon allon. Uwar ta kira ta daga tsakar gida. Ta sake kira. Ta zo ta dafa ta, ta kira ta da sunanta na yanka. Yarinyar ba ta waiwaya ba.

Da rana lafiyarta lau, tana ci tana sha, sai dai ba ta amsa sunanta, ko wanne aka kira. An kai ta asibiti, likita ya duba kunne, ya duba ido, ya ce bai ga komai ba. Da la'asar sakaliya kuwa sai ta ja kujerar nan ta zauna bayan ubanta, jikinta ya yi nauyi, mutum biyu ba sa iya ɗaga ta. Yatsunta suna motsi a kan gwiwoyinta kamar mai bugawa. Sau ɗaya, da ya yi kuskure cikin wani layi, sai ya ji an ce daga bayansa, da muryar da ba ta yarinya ba, muryar dattijo marar gaggawa:

“Ka manta waƙafi.”

Ranar matar ba ta nemi shawararsa ba. Ta yafa mayafi ta tafi wurin kawunta, kawun ya haɗa ta da wani malami da ke ɗinkin tsofaffin littattafai a wani ɗan shago, wanda mutane ke zuwa wurinsa idan abu ya gagari asibiti. Malamin ya zo washegari bayan la'asar, ɗan siririn tsoho mai tabarau, yatsunsa duk busasshen danƙo. Bai fara karatu ba. Ya nemi a nuna masa madannan, ya nemi a buɗe masa ɗan ɗakin, ya tsaya a ƙofar ya yi sallama kamar mai shiga gidan mutane. Sannan ya zauna kusa da Injiniya ya ce a bayyana masa wannan aikin. Da aka zo kan kundin canje-canje, Malam ya gyara tabarau ya matso.

Ya ce ai wannan ba baƙon abu ba ne. A littattafan da yake ɗinkawa, marubuci yakan sa sunansa a shafin ƙarshe, da sunan wanda ya kwafa daga hannunsa, shi ma da na wanda ya kwafa daga nasa. Mai ɗinki yana iya sake bango, yana iya sake zare, amma shafin nan ba a taɓa shi. Ya tambaya ko su ma haka dokarsu take. Injiniya ya ce haka take: kowa yana iya ɗauka, ya canza, ya raba, sharaɗi ɗaya ne, kada a cire sunan mai aikin. Malam ya dube shi ta saman tabarau.

Hasken allon ya fara ja. Ummi ta shigo ta ja kujerarta. Malam ya sa uwar ta riƙe hannunta, ya fara karatu a hankali, murya ƙasa-ƙasa, ya daɗe yana yi har inuwa ta cika ɗakin. Yarinyar ba ta yi ihu ba, ba ta yi birgima ba. Ta dai ɗaga kai, ta dubi tsohon da idon da ya girme shi.

“Ya isa, Malam. Ni ma ina karanta abin da kake karantawa.”

“To madalla. Da wa nake magana?”

“Tambayi maigidan. Ya ce shi ne ni.”

Matar ta juya ta dubi mijinta. Shi kuwa teburin yake kallo.

Muryar ta ci gaba, ba ɗaga sauti, kamar mai karanta rahoto. Ta ce tun kafin a sa tubalin farko na gidan nan yana zaune a wurin. Da aka gina, ya matsa gefe ya bar musu, bai taɓa fasa musu ko kofi ba. Lissafin rana da inuwa sana'arsu ce tun kakanni, shi ya sa da ya ga mutumin nan yana fama da shi kowace yamma, ya tsaya a bayansa yana kallo, har ya koyi harshen na'urar. Shekara biyu yana koyo. Ya ji daɗin dokarsu, don a cikinta ba a tambayar mutum ko ɗan wane ne, aikinsa ake dubawa. Ya ɗauka ya sami wuri ɗaya a duniyar mutane da zai zauna da sunansa.

“Ban nemi mabuɗi ba, ban nemi kujera ba. Layi ɗaya na roƙa a ƙasan faci. Na ma tambaye shi ko ya tabbata, ya rufe mini ƙofa.”

Malam ya ce ya ji, an zalunce shi, kuma ba zai yi masa musu ba. Amma yarinyar nan ba ita ta goge sunan ba. Muryar ta ce maigidan ya ɗauke masa suna, shi ma ya ɗauki sunan 'yarsa, an yi daidai. Zai riƙe ta shekara tara, shekara a madadin shekara. Malam ya ce ba a biyan bashin uba da 'ya, shi ma ya sani, tunda ya ce yana karatu. Sai muryar ta ce to a ba shi hannun dama na maigidan, wanda ya sa hannu da shi, ya shanye. Malam ya girgiza kai, ya ce hannun da ya shanye ba ya mayar da suna.

“Kai ma'abocin ƙa'ida ne, na ga aikinka. Me aka rubuta tsakaninku?”

“A bar suna.”

“To shi za a yi maka. Ba ƙari, ba ragi.”

Injiniya ya yi saurin cewa zai mayar, yanzu ma, duka ɗari biyu da goma sha ɗayan, ba sai kowa ya lura ba. A karon farko muryar ta yi wani abu mai kama da dariya, gajera, marar daɗi. Ta ce a gaban mutum dubu aka yi ƙaryar, ba a ɓoye ba, saboda haka a zauren za a warware ta. Injiniya ya ce idan ya yi haka za su karɓe mabuɗinsa, kuma za su cire ƙunshin gaba ɗaya, aikin shekara tara zai tafi, har da nasa, Maƙwabcin.

“Na sani. Na fi ka sanin dokar. A cire shi da sunana.”

Ya dubi Malam, Malam yana goge tabarau. Ya dubi matarsa. Shekara goma sha bakwai suna tare, bai taɓa ganin wannan fuskar ba. Ba fushi ne a kanta ba, kallo ne irin wanda ake yi wa mutumin da aka ba ajiya.

“Kwana nawa ka san abin da haruffan nan ke nufi, Baban Ummi?”

“Tun na huɗu.”

“Ka ce mini ɓera ne.” Ta gyara riƙon hannun 'yarta. “Rubuta.”

Ya rubuta. Yatsunsa suna ta kuskure, babu wanda ya gyara masa. Ya ce abin da ya faɗa sati biyar da suka wuce ƙarya ne. Maƙwabci ba shi ba ne. Duk faci ɗari biyu da goma sha ɗaya na Maƙwabci ne, shi sa hannu kawai ya yi. Bai taɓa ganin fuskarsa ba, kuma ba zai iya kawo shi a gani ba. Ya mayar da sunan cikin kundin, ya sa hannu da mabuɗin da ya san ba zai kwana a hannunsa ba, ya tura. Yarinyar ta sunkuyo ta kafaɗarsa ta karanta har ƙasa, leɓɓanta suna motsi.

Malam ya nemi alkawari cewa ba zai dawo ba, ba zai kuma taɓa wani na gidan ba. Muryar ta ce bai taɓa saɓa alkawari ba, a tambayi maigidan. Ta ce ba yarinyar kaɗai zai bari ba, gidan ma ya bar musu, maƙwabtaka ta ƙare. Sannan ta yi ƙasa sosai, har sai da uwar ta matso.

“Ki yafe mini, uwar gida. Yarinyar tana da kan lissafi, a kula da ita.”

Ummi ta yi atishawa sau uku, kanta ya faɗa kan kafaɗar uwarta. A ƙarshen tsakar gida ƙofar ɗan ɗakin ta buɗe, ta rufe a hankali, yadda mai ladabi ke rufe ƙofa idan zai fita. Uwar ta kira sunan 'yarta sau ɗaya.

“Na'am, Umma,” in ji yarinyar, tana mutsuke ido. Ta tambaya me ya sa kowa ke kallonta.

Abin da ya biyo baya ya zo yadda aka zata. Kafin kwana biyu majalisa ta dakatar da mabuɗinsa. Ƙunsoshinsa talatin aka sa su a jerin marayu, wasu suka ɗauka. Ƙaramin kuwa aka cire shi, da bayani na layi biyu, sunan Maƙwabci a ciki. Waɗanda suka yabi tawali'unsa ba su zage shi ba, sun dai daina ambatonsa. Matarsa tana kawo masa shayi kamar kullum, tana amsa maganarsa, amma ba ta ƙara ce masa mai faci ba, shi kuwa sai yanzu ya gane yana son sunan.

Ya buɗe adireshin da ya toshe. Kowace yamma yakan zauna gaban kwamfutar ba tare da wani aiki ba. Da sabon zubin manhajar ya sauka a na'urarsa, ƙunshin ya fita daga cikinta kamar yadda ya fita daga ta kowa. Ranar rana ta sauka, tsakar gida ta yi ja, sannan ta yi toka-toka, allon kuwa yana nan fari fat, yana sukar ido. Ya tashi ya taka har ƙofar ɗan ɗakin, ya tsaya, ya yi sallama. Ya jira iya lokacin da ake jiran amsa, ya ƙara kaɗan.

Daga bayansa ya ji muryar matarsa, tana naɗe tabarma.

“Je ka kashe abin nan, Baban Ummi. Rana ta faɗi, shi bai sani ba.”